Masta a bayomedikal injiniyarin: dan Allah waɗanda suka bi hanyar nan ku ba ni shawara

Ɗan Hanwa

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, yau dai na ce bari in rubuta kawai ko Allah zai haɗa ni da wanda ya sani.

Ni ilektirikal na karanta a nan ABU, na fita da 3.72 wato 2:1, na yi bautar ƙasa a Jigawa na dawo shekara biyu kenan. Yanzu ina tare da wani ubangidana a Sabon Gari muna haɗa sola da ifanta a gidaje da shaguna, alhamdulillahi ana rufa asiri, amma gaskiya zuciyata ta bar wajen tun bara.

Abin da ya faru shi ne bara da hunturu yayata ta haifi bakwaini aka kwantar da su a wani asibiti, ba zan kira suna ba don ma'aikatan wajen sun yi iya ƙoƙarinsu wallahi. Kwana tara na yi ina kwana a baranda. Kwalaben jarirai biyar ne a ɗakin amma biyu ke aiki, sauran an tura su lungu an ɗora musu fayil a kai, injin oksijin ɗin da aka jona wa yaronmu kuma yana ta ƙara yana kunna jar fitila, nas ta ce min ai ya kwana biyu yana haka an riga an rubuta an kai sama. Ni da na yi shekara biyar ina karatun lantarki ina tsaye a kansa ban san ma ta ina ake kwance shi ba, ban san me jar fitilar ke nufi ba. Yaron ya rayu, yanzu har ya fara dafa bango yana miƙewa, amma jaririn gadon da ke kusa da mu bai yi rai ba kuma kukan uwar nan har yau ina jin shi in na kwanta.

Tun lokacin nake son in koma makaranta in yi masta a bayomedikal, wato injiniyancin kayan asibiti. Matsalar ita ce bansan ta ina zan kama ba. Rabona da bayoloji tun WAEC, furojet ɗina na ƙarshe ma a kan cajin batir da sola ne babu abin da ya haɗa shi da asibiti, to za su ma kalli takardata kuwa? Kuma a gida ya kamata in yi ko waje? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mahaifinmu ɗan fansho ne, abin da na tara gaba ɗaya bai wuce miliyan ɗaya da rabi ba, in ba sikolashif ba waje kam ba maganarsa. Sannan IELTS, jarrabawar Turanci, da GRE, jarrabawar shiga masta a waje, dole ne sai na yi duka biyun? Akwai wani ejan da aka haɗa ni da shi ya ce in kawo kuɗi zai rubuta min SOP, wato takardar bayanin dalilina na neman karatun, ya nemo min admishan cikin wata ɗaya, na ce mishi zan yi shawara.

Dan Allah wanda ya san wani abu ya taimaka, ko kaɗan ne. Nagode.

Baban Khalifa

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya raya yaro, ya ba waccan baiwar Allah haƙuri.

Shekarata 14 ina gyaran kayan asibiti, ni ba mai masta ba ne, difloma na yi sai kwasa-kwasai da aka riƙa tura mu, saboda haka maganar fom da sikolashif zan bar wa masu ita. Amma akwai tambayar da nake so ka amsa wa kanka kafin ka kashe ko sisi. Shin so kake ka iya tada injin da ya mutu, ko so kake ka ƙera sabo ko ka yi bincike? Saboda hanya biyu ce daban, kuma mutane da yawa suna shiga masta da niyyar ta farko sai su tarar ana koyar da ta biyu. Na yi aiki da wani yaro mai hankali da ya dawo da masta daga waje, in ana maganar lissafin hoton MRI sai ka riƙe baki, amma ranar da injin tsotsar majina ya tsaya a tiyata ni ya kira. Ba laifinsa ba ne, ba abin da aka koya mishi kenan ba.

Injin da ka gani yana jar fitila konsantireta muke ce mishi. Bari in gaya maka yadda yake don ka ga ba wani tsafi a ciki. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, mafi yawan sauran naitirojin ne. Kwamfaresa ke zuƙo iska ya danna ta cikin wasu gwangwanaye biyu da aka cika da wani gari mai kamar tsakin gero, ziyolait sunansa, garin ya riƙe naitirojin ya bar oksijin ya wuce, in gwangwani ɗaya ya ƙoshi sai bawul ya juya wa ɗayan, wannan ya fitar da abin da ya riƙe, haka suke karɓa-karɓa duk bayan 'yan daƙiƙu. Inji mai lafiya yana ba da oksijin kashi 90 zuwa 95 cikin 100. In ya faɗi ƙasa da 82 sai ya fara kuka, yana gaya maka oksijin ɗin da ke shiga hancin mara lafiya ya yi ƙasa da yadda ya kamata. To me ke kashe shi a wajenmu? Ƙurar hunturu ta toshe filta, laimar damina ta shiga garin nan ta lalata shi, wuta ta yi ƙasa ta ƙona kafasita ko kwamfaresa. Wani kuma kyauta aka kawo shi daga Amurka na wuta 110 ne, wani ya zo ya soka shi a soket ɗinmu na 230, shikenan an gama da shi ranar farko. Kai da kake haɗa ifanta kullum rabin wannan aikin ka riga ka iya, ba ka dai sani ba ne.

Akwai binciken da mutanen jami'ar Duke ta Amurka suka fitar a 2011, Perry da Malkin, sun duba kayan asibiti sama da 100,000 a ƙasashe 16 masu tasowa suka tarar kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo, rashin tsarin kula da kaya da matsalar su wuta da ruwa. Duk wanda ya taɓa leƙa sito na asibiti a ƙasar nan ba zai yi musun wannan ba.

Shawarata ita ce kar ka jira admishan. Ka je sashen gyaran kaya na kowane babban asibiti, ga Shika nan kusa da kai, ga na gwamnatin jiha a cikin gari, ga masu zaman kansu, ka rubuta takarda ka ce kana son aikin sa kai kwana biyu a sati. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, duk injin da ka taɓa ka rubuta sunansa, me ya same shi, me ka auna, me ka canza, ya tashi ko bai tashi ba. In ka yi wata shida a haka za ka san amsar tambayar da na yi maka, kuma in ka zo rubuta SOP ɗin da ake ta faɗa kana da abin faɗa wanda ba wanda zai iya ƙirƙiro maka shi. Ejan ɗin nan kuma ka rabu da shi.

Abba Kwangila

Slm, afuwan na shigo muku tsakiya. Ni HND gare ni a ilektironik daga Nuhu Bamalli, ofa kiredit, nima abin yana raina sosai. Mu masu HND akwai hanya kuwa ko sai dai mu haƙura? Yaya Baban Khalifa Allah ya ƙara basira, bayanin konsantiretan nan ban taɓa jin wanda ya warware shi haka ba.

'Yar Tudun Wada

Ɗan Hanwa sannu da ƙoƙari. Ni yanzu haka ina zango na uku a Jamus a wannan fannin, kuma kamfuta injiniyarin na karanta a gida ba bayomedikal ba, to ka kwantar da hankalinka a kan maganar bayoloji. A ajinmu waɗanda suka zo daga ilektirikal da makanikal da kamfuta sun fi yawa, anatomi da fisiyoloji a nan ake ba mu su a zangon farko daidai abin da injiniya ke buƙata. Abin da suke bi layi-layi a tiranskirif ɗinka shi ne lissafi, sigina da sistem, ilektironik, kwantirol da kodin, su ƙirga yawan kiredit ɗin da ka yi a kowanne, in bai kai ba ko makinka ya kai nawa za su ce a'a. Don haka wasu makarantun suke neman ka haɗa da bayanin kowane kwas, abin da aka koyar a ciki, wannan kuma daga handbuk na sashenku za ka ciro shi.

Makinka ba laifi. Su a nan 1.0 ne ƙoli 4.0 ne ƙarshen ci, akwai lissafin da suke juyawa da shi, 3.72 ɗinka zai faɗo wajen 2.0 ko sama kaɗan gwargwadon abin da suka ɗauka a matsayin mafi ƙarancin makin ci a makarantarku, kuma kwasa-kwasai da yawa 2.5 suke sa iyaka. To ka ga kana ciki.

Abu na farko da za ka yi gobe-goben nan, tiranskirif. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ba a Zariya na yi digiri ba, kuma a inda na yi sai da nawa ya ci wata huɗu, ina ji ina gani shekarar farko ta wuce ni saboda takarda ɗaya, na yi kuka ranar ba kaɗan ba. Ka nemi naka yanzu, ka sabunta fasfo in ya kusa ƙarewa, kuma ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a WAEC da digiri da NYSC da fasfo, Muhammad a nan Mohammed a can yana jawo dogon bayani.

GRE kar ka taɓa shi tukuna, yawancin na Turai ba sa nema, a Amurka ma sassa da yawa sun ajiye shi tun lokacin korona, sai in makarantar da ka zaɓa ta rubuta ƙarara tana so. IELTS kuwa ina ganin ka yi, yawanci 6.5 ake nema, amma shekara biyu kawai yake yi ya mutu saboda haka ka auna lokacin da kyau. Wasu suna karɓar takardar shaidar cewa da Turanci aka koyar da kai, wasu ba sa karɓa, ka karanta shafin kowane kwas da idonka kar ka dogara da "an ce" na guruf ɗin WhatsApp.

Yanzu maganar kuɗi, don a nan gizo ke saƙar. Gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba kuɗin makaranta sai ɗan kuɗin zango, amma ba duka ba, jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 duk zango a hannun waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, jami'ar TUM ta Munich ma ta fara karɓa a 2024. Kuma ko makaranta kyauta ce, kafin a ba ka biza sai ka zuba kuɗin zaman shekara guda a wani asusu da ake kullewa, tun Satumba 2024 Yuro 11,904 ne, ana sakar maka 992 duk wata. Ka buga wannan da naira ka gani. An yarda ɗalibi ya yi aiki kwana 140 a shekara, yana taimakawa, amma sai ka shigo ƙasar tukuna ai. Ni gonar gadonmu aka sayar aka haɗa da taimakon kawuna, ba zan ɓoye maka ba, kuma ba kowa ke da wannan ba. In za ka duba kwasa-kwasan, shafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, yana da jerin duk waɗanda ake yi da Turanci, ka duba Erlangen, inda kamfanin kayan asibiti na Siemens Healthineers yake da babbar cibiya, ka duba Aachen da Lübeck. Wasu ta uni-assist, ofishin da ke duba wa jami'o'in takardun 'yan ƙasashen waje, ake nema ana biyan kuɗin dubawa, wasu kai tsaye ta fotal ɗinsu.

Da abin da ka ce kana da shi, ni Erasmus Mundus, sikolashif ɗin Tarayyar Turai, zan ce ka sa wa ido. Suna biyan kuɗin makaranta su ba ka Yuro 1,400 duk wata, kuma takardar sikolashif ɗin ita ce shaidar kuɗinka wajen biza. A cikinsa akwai kwas ɗin MAIA na hoton jiki da ake yi tsakanin jami'o'in Turai, ciki har da Cassino a Italiya da Girona a Sifen, wanda ya iya sigina da Python yana da dama a nan. Yawanci daga wajen Oktoba ake buɗewa a rufe a Janairu. Sikolashif ɗin Chevening na Ingila shekara biyu na aiki suke so, awa 2,800, aikin solarka yana shiga lissafi in ubangidanka zai ba ka shaida, sharaɗinsu ka dawo gida shekara biyu bayan gamawa. Na Turkiyya Janairu zuwa Fabrairu ake cikewa kuma kyauta ne fom ɗin. Gasar tana da zafi sosai a dukkansu, ka nemi da yawa kar ka rataya rai a guda.

SOP kuma dan Allah da hannunka. Masu karantawa suna ganin ɗaruruwa, duk sun fara da "tun ina yaro nake son taimakon al'umma", na ejan ɗinka ma haka zai fara don kwafi ɗaya yake canza wa suna. Labarin yayarka ka ba shi layi uku ko huɗu kawai, sauran ka cika da abin da ka YI bayan nan. A nan nake goyon bayan Yaya Baban Khalifa ɗari bisa ɗari. Ka ƙara da ɗan aiki na kanka, akwai ƙaramin bod AD8232 da ake jona wa Arduino a ɗauki bugun zuciya, siginar ECG wajen milibolt ɗaya ce kawai kuma hayaniyar wutar 50Hz tana binne ta, ka zauna ka tace ta da filta da ka rubuta da kanka, ka sauke bayanan bugun zuciya na MIT-BIH daga shafin PhysioNet kyauta ka gwada kodin ɗinka a kai, ka ɗora a GitHub. A jikinka kawai za ka gwada kuma da batir, laftof a cire daga caji, kar ka kusanci mara lafiya da shi.

Abba, ku ma akwai hanya amma ta fi tsawo. A gida PGD za ka fara yi sannan masta. Jamus da wuya su ɗauki HND a matsayin digiri, wasu jami'o'in Ingila sun fi sassauci musamman in da PGD da shekarun aiki.

Malam Na Samaru

Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma 'yata ta Jamus ta yi bayani mai kyau, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ni malami ne a tsangayar injiniya, shekaru da dama ina rubuta wa ɗalibai wasiƙar shaida, to bari in faɗi abin da nake gani daga wannan ɓangaren tebur ɗin.

Inda na ɗan saɓa da ita shi ne yadda maganar ta karkata waje gaba ɗaya. Ɗana, kar ka raina na gida. Jami'ar Ibadan da ta Legas suna da masta a wannan fanni, an gina shirin nasu da haɗin gwiwar Northwestern ta Amurka da jami'ar Cape Town, Ilorin da FUTO ta Owerri ma suna da sashen. Abin da ake nema yawancinsa ka riga kana da shi, kiredit biyar, digiri, takardar NYSC, tiranskirif da mutum uku masu shaida. Akwai kuma wata hanyar da yara ba sa lura da ita, ka yi masta a ilektirikal ɗinka a nan Samaru amma ka zaɓi bincikenka a kan kayan asibiti, ka nemi sufabaiza na biyu daga cikin likitoci, kana kwana a gidanku kana ci gaba da solarka kana biyan kuɗin makaranta da guminka. In ka fitar da takarda ɗaya mai kyau daga wannan aikin, neman PhD mai albashi a waje ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman masta kyauta, domin kuɗin bincike a can wajen masu PhD ya fi taruwa. Sai dai ka sani duk binciken da zai taɓa mara lafiya ko bayanansa sai kwamitin ɗa'a na asibiti ya sa hannu, wannan yana cin lokaci, a fara shi da wuri.

A Afirka ma akwai wurare na gaske. Cape Town tsohuwar hannu ce, Allan Cormack da ya raba kyautar Nobel ta 1979 da Hounsfield a kan na'urar CT a can ya fara tunanin lissafin. Jami'ar Alƙahira tana da sashen tun shekarun 1970, Ruwanda ta buɗe cibiya ta musamman a Kigali, kuma Mastercard Foundation tana ɗaukar nauyin ɗalibai a Cape Town. Wanda ke koyarwa yana jiran TETFund ta kai shi waje kuma ya sani sun dakatar da ɓangaren waje daga Janairu 2025.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu su tafi su yi bincike a kan matsalar da ba tamu ba alhali tamu tana nan jibge. Ka dubi Farfesa Hippolite Amadi na Imperial College, shekaru ya yi yana bin asibitocin ƙasar nan yana tada matattun kwalaben jarirai da sassa masu sauƙin samu, ya ƙera na'urar taimakon numfashi ta jarirai mai aiki da sola, a 2023 aka ba shi kyautar kimiyya ta NLNG, dala 100,000. Ko ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa a auna oksijin, da haske ja da infirared yake aiki ta cikin fata, a Disamba 2020 masu bincike a Michigan suka nuna yana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Waye ya fi cancanta ya bi diddigin wannan in ba mu ba? Kai kuma ka san sola, ka san yadda wutarmu take, ɗakin jarirai da wutarsa ba ta yankewa ko na minti ɗaya bincike ne cikakke.

Game da wasiƙar shaida, kar ka turo wa malami saƙo saura kwana biyu a rufe. Ka je ofis da ƙafarka ka gaishe shi, ka tuna mishi shekarar da ka gama da kwas ɗin da ya koyar da kai, ka ba shi CV da SOP da jerin makarantun da ranakun rufewarsu, ka ba shi aƙalla sati uku. Wanda ya duba furojet ɗinka ya fi maka farfesan da bai san fuskarka ba, don wasiƙar da ta ce "yaro ne mai ladabi" kawai ba ta ɗaga kowa. In kuma za ka rubuta wa wani farfesa a waje imel, ka karanta takardarsa guda tukuna, ka rubuta gajere, ka faɗi abin da ka gane da abin da kai ka taɓa yi da hannunka.

Ɗan Hanwa

Wallahi bansan da wane baki zan gode muku ba. Malam Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri, ban taɓa tunanin hanyar masta a ilektirikal da bincike a asibiti ba kuma inaga ita ta fi daidai da aljihuna, zan sayi fom in an buɗe, Erasmus da na Turkiyya kuma zan gwada su a gefe. Anti 'Yar Tudun Wada na cike neman tiranskirif jiya, kuma kin yi gaskiya a WAEC Muhammed aka rubuta da e, zan je kotu in yi takardar rantsuwa. Ejan na ce mishi na fasa.

Yaya Baban Khalifa na bi maganarka, na kai takarda wani asibiti mai zaman kansa da muka taɓa sa wa sola, mai wajen ya yi murna ya buɗe min sito. Konsantireta uku na tarar. Na farko filtarsa ta koma kamar bulo don ƙura, na canza na cikin na wanke soson waje, na aro mitar oksijin a wajen mai ba da maganin barci na tiyatarsu, daga 71 ya hau 93, wallahi sai da hannuna ya yi rawa. Na biyu gurnani kawai yake kwamfaresa ba ya juyawa, kafasita ce ta kumbura, na samo irinta a Sabon Gari ya tashi. Na ukun ne ya gagare ni, a lita 2 yana ba da 85 amma in na kai lita 5 sai ya faɗo sittin da wani abu, kuma na ga wani farin gari a cikin tiyo. Me zan yi mishi?

Baban Khalifa

Masha Allah ƙanena, ka faranta min rai yau.

Na ukun garin ziyolait ɗin ne ya sha laima ya fara dagargajewa, farin garin da ka gani shi ne. Amma kafin ka yanke hukunci ka shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar tiyo ka ga ko akwai inda ke yoyo, ka saurari bawul ko yana juyawa daidai a kan lokaci. In duk lafiya to gwangwanayen ne, kuma biyun ake canzawa tare ba ɗaya ba, ka ɗauki hoton lambar modal ɗin da ke bayan injin ka turo min ta akwatin saƙo in tambaya maka wajen masu kawo su daga Legas. Kar ka buɗe sababbin sai ranar da za ka ɗaura, in suka sha iska sun lalace. Ka busa tiyo ɗin da bawul ɗin sosai don garin nan in ya zauna a ciki zai kashe sababbin ma, filtar da ke bakin fita wajen mara lafiya ita ma ka canza ta.

Biyun da suka tashi kuma kar ka bari a kai su ɗaki tukuna. Ka bar kowanne yana aiki awa 24 a lita 5, kana aunawa duk bayan 'yan awanni kana rubutawa da kwanan wata da awannin da ke kan mitar injin, ka gwada ƙararrawar ta hanyar zare filogi ka ji ta yi kuka, ka duba wayar ƙasa ta soket ɗin da za a jona shi. In sun wuce wannan sai ka kira nas mai kula da ɗakin ta gani da idonta ta sa hannu a littafinka, ka nuna mata yadda ake cire soson filtar waje a wanke shi duk sati a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Shi kuma na ukun ka manna mishi takarda babba ka rubuta kar a yi amfani da shi, da Hausa da Turanci.